Tsokar da Aka Sa a Kwalba

Ina fataucin kanwa da jakuna tsakanin Damagaram da Gumel lokacin da abin ya fito mini a kafaɗar dama. Da farko tabo ne mai tauri, ba zafi, na ɗauka kanta ce ta ɗora mangala. Sannu a hankali ya yi ƙululu, ya yi ja.

Wanzamin garinmu ya tsaga ya cire. Kafin kaka ya dawo, har da 'ya'ya a gefe. Da ya sake dubawa sai ya ce, "Ko dai dajin fata ne, ko kuwa jifa aka yi maka." Jifan nan shi ya zauna mini a rai. Na daina cin tuwon gidan abokin fataucina, na riƙa waiwayen mai bin sawuna a kasuwar Maigatari.

Shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgi ta wajen Gagarawa, yayana ya ja ni wurin likitan Turawa mai duba leburori. Baturen ya daɗe yana latsa wurin. Sai tafintansa ya ce za a yanki tsoka kaɗan, a aika Ikko a duba.

Na ce, "A aika wa wa? Mu ko farce muka yanke binne shi muke yi."

Yaya ya ce, "Haba, ƙanena. Wanzami ya yanki wadda ta fi wannan, ka tambaye shi inda ya kai ta?"

Maimakon hankalina ya kwanta, sai wanzamin ma ya shiga cikin waɗanda nake zargi. Na dai bari aka yanka, ina kallo aka jefa ta a kwalba aka toshe. Ko ciwon kai na yi bayan nan, sai na ce kwalbar ce.

Da amsa ta zo, tafinta ya ce ciwon kama kawai ya yi da dajin fata. A naman da ke ƙarƙashi yake, ya yi saiwa ko'ina, shi ya sa yake sake tohowa. Likitan ma bai taɓa ganin irinsa ba. Sai an je Kano an yanke da faɗi.

Na ce, "Wanda ke can Ikko bai taɓa ganina ba, shi ya san cikin namana?" Na koma gida.

Sai da wurin ya fashe yana jiƙa mini riga da jini sannan na yarda. A Kano suka kwashe wajen faɗin tafin hannu. Bai sake fitowa ba, amma hannun ya daina ɗaga kaya. Na bar wa yaya jakunan, na kama rumfa a kasuwar Gumel.