Babban Yatsan Hagu

Bahago aka haifi ƙanena, ni kuwa aka ɗora wa aikin gyara shi. A gidanmu a Kano ba a sa hagu a kwano. Ina 'yar shekara goma sha biyu, da muciya nake aikin. Da ya miƙo hannun sai in sauke masa ita. Wata rana babban yatsan ya kumbura suntum, ya warke a sandare. Aka yaba mini, aka ce na iya tarbiyya, na ji daɗi ƙwarai. Ya koma dama, amma har ya girma hannun bai taɓa yi masa biyayya sosai ba.

Bayan shekaru ya biyo ni New York, ya tare a falona a unguwar Parkchester. Gadi yake yi. Kamfaninsu suka ce za su ƙara masa matsayi ya riƙe bindiga, in ya ci jarrabawar harbi. Da wannan matsayin ne kawai zai iya kama ɗaki ya ɗauko matarsa da 'yarsa daga Kano. Ni ma na ƙagu, na gaji da tsallake katifarsa.

Ƙaramar bindigar da aka ba su tana da ɗan makulli a gefe, sefti suke ce masa. Sai an danna shi da babban yatsa kafin ta tashi. Ya samo ta roba yana gwaji a falo. Ya zaro, yatsan daman ya zame, ya sake, ya zame. Ina kicin ina kallo, dariya har da hawaye.

"Sai ka ce wa ɓarawon, Malam ɗan dakata, ban buɗe ba tukuna!"

Har a wani gidan suna na ba da labarin, ina kwaikwayonsa da ludayi. Mata suka yi ta ƙyaƙyatawa.

Ranar jarrabawar ya dawo bayan la'asar, bai ko cire takalmi ba.

"Yaya, na faɗi," ya ce. "Malamin ya gane ni bahago ne. Ya kawo wata mai sefti gefe biyu, ya ce in gwada da hagu."

"To sai me? Nan Amurka ce, wa ya hana ka?"

Ya ɗora hagun a kan tebur, ya yi ƙoƙarin lanƙwasa yatsan. Ko motsi bai yi ba. Ya dube ni.

Na san abin da ya kamata in faɗa. Kunya ta kama ni, sai ta koma haushi. Na dangwarar masa da kwanon tuwo.

"Aƙalla dai kana cin abinci kamar mutum."

Ya cinye tas, da dama. Sannan ya fita baranda ya kira matarsa a waya. Ina jin sa ta taga yana ce mata ta kwance kayan da ta ɗaure, ba bana ba.