Fatalwar Yaya Tanimu

Ku da kuka zauna da Yaya Tanimu a unguwar Cheras kun san ba ya kashe fitila, ko da rana tsaka. To wannan bawan Allah shi ya zo Kuala Lumpur yin digirin fim a kan tsofaffin littattafan Turawa na ban tsoro, masu kufai da fatalwa. Aikinsa na ƙarshe shi ne ya mai da ɗaya fim ɗin Hausa. Idan fim bai tsorata malamai ba, babu digiri, ga tallafin karatunsa ya zo ƙarshe.

Ni matar ƙanensa ce, ni ya ba matsayin baiwar Allah da fatalwa ke bi har ɗaki. Fatalwar kuwa mijina Auwalu, don Yaya ya rantse ba namijin da zai shiga ɗakin matar aure, ko da matacce ne. Na ce, "Yaya, ta ina zan ji tsoron mutumin da na san munsharinsa?"

Ya ce, "Ki tuna ranar da kika ƙona masa shadda."

Muka je Jalan TAR, layin 'yan yadi, sayen kayan fatalwa. Mai kanti ya warware farin yadi, Yaya ya ja da baya yana a'uziyya, wai likkafani ne, ba zai jawo wa ƙanensa mutuwa ba. Da yadi mai furanni muka dawo.

Ya samo wani tsohon gida wajen Titiwangsa, ya fara da tofa addu'a kusurwa-kusurwa har ya tabbata ba aljani ko ɗaya. Ɗaukar fim kuma daga hantsi zuwa la'asar, labule a ɗage. Da Auwalu ya faɗo ɗakin a guje, Yaya ya tsai da kyamara ransa a ɓace.

"Haka aka yi maka tarbiyya? Koma ka yi sallama."

Ranar nuni ina gefensa. Fatalwa mai furanni ta yi sallama a allo, ni kuma daga inda nake zaune bakina ya riga ni, na amsa. Malaman nan suka yi ta dariya har wata na share hawaye. Suka ba shi sakamako mafi girma, wai ba su taɓa ganin wanda ya yi wa finafinan tsoro shaƙiyanci da gwaninta haka ba. Ya karɓi digirinsa a fusace, ko mamak, gidan abincin da muka shirya masa walima, ya ƙi zuwa, sai tapau muka yi, muka kai masa abincin a ƙunshe.

Bara ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgi. Da muka isa asibiti na ruga bakin gadonsa. Ya buɗe ido ya dube ni, murya can ƙasa.

"Hauwa, kin tsorata?"

Na ce wallahi na tsorata, Yaya.

Ya yi murmushi ya ce, "To, alhamdulillahi."

Kwana biyu bayan nan ya cika. Har yau ina kewarsa. Allah ya jiƙan Yaya Tanimu, ya amintar da shi daga dukkan abin tsoro.