Ƙahon Awon Gado

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, maza suna raba dare gaban rediyo, mu kuwa yara muna gindin murhun kakarmu Inna Kulu a Kuberi. Bayan sallar isha'i takan tura itace ɗaya cikin wuta, ta ce, "Ku matso, ga wata ta iso, kowa shi kama bakinai." Yawancin labaranta na dariya ne. Guda ɗaya ne ba ta murmushi in tana ba da shi.

Wai an yi wasu maharba aminai, Gado da Namata. Gado yana da ɗan ƙahon akuya da ya yanke, da shi yake awon albarushi, ba ƙari ba ragi. Ƙarar bindigarsa iri ɗaya ce kullum, har mata a gida kan ce, "Wanga Gado na." Amma in ya harbi jikin kuka, harsashinsa a warwatse yake sauka, ɗaya nan, ɗaya can. Namata kuwa da tafin hannu yake zubawa. Yau bindigarsa ta yi tsawa, gobe ta yi tari kamar tsohuwa.

Sai wani gadu, aladen daji mai haure, ya addabi fadama, yana tone albasar mutane. Dattawa suka ce a gwada su biyun a kusa da kuka, don a zaɓi wanda zai harbe shi. Namata ya harba sau uku, duka suka faɗa wurin da faifai zai rufe. Na Gado suka watse. Aka yi ta sowa, aka zaɓi Namata.

"Gado ya ce musu, ku saurara da kunne," in ji Inna. "Harbin nan ukku ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kusa ne shi ya ɓoye abin, in da nisa sai ɗaya ya gaza. Sunka ce hassada ce, sunka yi mai dariya."

Da asuba Namata ya zo ƙofar Gado a ɓoye, ya ce, "Aboki, ara mini ƙahonka." Gado ya ce, "Tahi ka auna da sowar da anka yi maka." Namata ya hango gadun daga nesa, ya harba, bindiga ta yi tari. Harsashi ya sauka ƙasa, ya ƙuje dabbar kawai. Ta juyo ta farke masa cinya.

Nan Inna take tsayawa. In muka ce, "Inna, ya mutu?" sai ta tona toka ta ce, "Labari ya ƙare, ku tashi ku yi addu'a."

Sai da na girma, har ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami a kasuwar Jega, na gane cewa Gado lakabin kakana ne, wanda ya rasu kafin a haife ni. Namata kuwa shi ne tsohon gurgun nan da ke zama bayan masallaci, wanda bai taɓa taka zaurenmu ba.

Da ciwon ajali ya kama Inna, ta aika a roƙe shi. Ya zo yana jan ƙafa, ya zauna bakin ƙofa. Ta ciro ƙahon daga ƙarƙashin tabarma.

"Malam Namata, ga aron da ka nema. Gado ya ce in ba ka, ni ko na kasa haɗa ido da kai."

Tsohon ya daɗe yana juya ƙahon a hannu. Ya ce, "Kulu, na yafe mai. Ni ma na ga bakin bindigarsa na rawa cikin ƙota, shi ya sa take watsa harsashi. Ɗaurin fata kawai take so. Ban hwaɗa mai ba, don ina son a zaɓe ni. Allah shi gafarta muna baki ɗai."

Har yau in na ga an yaba wa mutum kan dace uku, ko an raina mai natsuwa don bai burge ba, nakan tuna su. Kowannensu ya riƙe gyaran ɗan'uwansa a baki, ya haɗiye. Namata ya sa ƙahon a aljihu, ya yi wa Inna addu'a, ya fita. A makon nan ta cika, kuma yana sahun gaba da aka sallace ta.