Tsofaffin Fitilun Mijin Kusum

Shekara arba'in Banwari yana rataya mana fitilun bikin Diwali a unguwarmu ta Kanpur, a Indiya. Mutum ne mai faɗa. Babban yatsansa na dama a ƙone yake, kuma ba ya barin wayar lantarki sai ya taɓa ta da bayan hannu ya ji ko ta ɗau zafi.

Bara Kusum, matar abokinsa marigayi, ta jona tsofaffin fitilun mijinta a jelar sababbin nan masu siririyar waya. Banwari na taɓawa ya fizge wayar daga soket.

"Bhabhi, matar ɗan'uwana, gidan kike so ki babbake? Tsofaffin nan cin wuta gare su, siririyar waya ba za ta ɗauke su ba. Ki zubar da su!"

"Shekarar aurenmu ya saye su," in ji ta.

Banwari ya juya ya fita. Ya je gida ya ɗauko waya mai kauri, ya sauya wayar tsofaffin da ta ruɓe, ya ja musu layinsu daban. Yana aiki yana mita a kan abokinsa.

"Har yanzu sai an ware masa wurinsa. Da ransa ma haka ya dame mu."