Littafin Garantin da Na Ɓoye a Bayan Rumbu

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, domin abin da zan faɗa ya shafi 'yan gidanmu, kuma har yau ban daina jin kunyarsa ba.

Lokacin da abin ya faru ina aji ɗaya na babbar sakandare a Kaura Namoda. Ni yarinya ce marar magana. In baƙi suka zo gidanmu, gaisuwa kawai nake yi in shige ɗaki, amma babu abin da ke wuce idona. Daga yadda Baba ya aje butarsa nake gane ko ransa a ɓace yake. Mutum ɗaya ne ya ga amfanin wannan hali nawa, wato yayana, babban ɗan Inna, mai sayen hatsi da waken suya a kasuwar Kaura yana tura wa kamfanoni a kudu. Shi mutum ne mai barin takarda duk inda ya zauna, don haka tun ina firamare ni ke adana masa takardunsa a wani ƙaramin akwatin ƙarfe. In ya nemi abu ya rasa, sai ya ƙwala mini kira in ɗauko masa. Wannan kiran shi ne matsayina a gidan, kuma ya ishe ni.

A shekarar ne Yaya ya sayo sabuwar mota dal daga wani kamfani a Abuja, irin motocin gudun nan. Ja ce mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi titi, in ya taka totur sai ka ji ƙugin injin a ƙirjinka. Baba ya zagaya ta sau ɗaya ya tambaye shi ina ake sa buhun gero. Inna ta ce wannan ai motar wanda ba shi da dangi ce. Kakarmu kuwa kwaɗo ta raɗa mata, ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta shiga ba. A watan kuma ɗiyar gwaggona ta zo daga Badarawa don ta yi karatu a gidanmu. Sa'ata ce, ajinmu ɗaya, kuma taubashiyata, don haka tana da izinin tsokanata yadda ta so. Malama Shiru take ce mini, wani lokaci ta tambaye ni ko haraji ake biya a kan magana a Kaura. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi murmushi, amma abin yana zauna mini a rai.

Ita ba ta jin nauyin kowa. Ran da ta fara ganin motar ta tsare Yaya da tambaya, me ya sa take shan mai haka, me ya sa salansarta biyu. Ya yi dariya ya buɗe mata bonet yana nuna mata abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni ina bakin zaure ina kallo, ina da tambayoyin da suka fi nata, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Daga nan gidan gaba ya zama nata. Duk ranar da Yaya zai sauke mu a makaranta, sai a kwantar da kujera in kutsa baya, inda gwiwoyina ke taɓa haɓata, ba abin da nake gani sai ƙeyarsu suna hira. A ƙofar makaranta ita 'yan ajinmu ke yanyamewa suna tambayarta labarin motar, tana ba su amsa da motar yayanmu kaza, motar yayanmu kaza. Wannan kalma ta yayanmu tana yi mini zafi fiye da komai. Na fara lura da abubuwan da bai kamata su dame ni ba: in ya sayo tsire ita yake fara miƙa wa, in ya shigo gida sunanta yake fara kira.

Wata rana bayan azahar Yaya ya fito da wani ɗan littafi mai shuɗin bango ya yi mana bayani a tsakar gida. Ya ce kamfanin ya ba shi garanti, wato in injin ya lalace ba da laifinsa ba, su za su gyara ko su sa masa sabo kyauta. Sharaɗinsu shi ne a riƙa yi wa motar juyen baƙin mai a kan lokaci, a wurin da suka yarda da shi, kuma duk juyen da aka yi a rubuta ranar da tafiyar da motar ta yi a buga hatimi a littafin. Saboda nisan Abuja sun amince masa da wani gareji a Gusau. Ya ce littafin nan shi ne ran motar. Ina jin haka na fara tunanin inda zan sa shi a akwatina. Sai kawai na ga ya miƙa wa ɗiyar gwaggona, ya ce daga yau ita ce sakatariyar mota, tunda ita ta fahimci kanta. Ta karɓa da hannu biyu, ta kalle ni ta ce Malama Shiru an yi mata juyin mulki. Har Inna sai da ta dara. Ni dai na ɗauke kwanuka na wuce madafa.

Wata da watanni tana riƙe da amanar nan yadda ya kamata, kuma hakan ma haushi yake ba ni. Na so a ce ta manta ko sau ɗaya, ba ta manta ba. Tana naɗe littafin a baƙar leda ta sa a ƙasan akwatinta, in ranar sabis ta zo, wato ranar juyen mai, ita ke tuna wa Yaya. Da damina ta faɗi, wata Juma'a ta tafi kitso ta bar akwatin a buɗe. Na zare littafin daga ledar, na sa sabon littafin rubutu mai girmansa a madadinsa, na mayar da ledar yadda take don kada ta gane. Na kai shi bayan gida na cusa a wata kafa tsakanin tsohon rumbunmu na ƙasa da katanga, haka nan tsirara ba leda. Niyyata ƙarama ce a ganina. In ranar sabis ta zo a neme shi a rasa, ta sha kunya, ni kuma in yi kamar na tsinto shi, Yaya ya gane wadda ta san adana.

Ranar sabis ba ta kai ga zuwa ba. Bayan kamar mako biyu Yaya ya je ta'aziyya Zurmi, yana dawowa injin ya buga a hanya. Ya ce ƙara ya ji kamar ana dukan ƙarfe da guduma, sai motar ta mutu. Hanya ce da kowa ke so ya wuce tun rana na sama, don haka hankalin Inna bai kwanta ba sai da wani mai motar hatsi ya jawo shi har Kaura. Aka sa motar a janwe zuwa Abuja, ya bi ta. Bayan kwana uku ya kira Baba da murna. Ya ce makanikan kamfanin sun buɗe injin sun ga famfon baƙin mai ne ya gaza, alama ta nuna daga wurin ƙira ne, kuma sun shirya sa masa sabon inji. Abu ɗaya ya rage, su ga littafin, saboda juyen da aka yi a Gusau ba ya cikin kwamfutarsu. Suka ba shi mako guda. Ya ce zai zo da kansa ya ɗauka.

Ran da ya iso, ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da ɗiyar gwaggona ta warware ledar a gabansa, littafin rubutu ya faɗo. Ta juya shi gaba da baya kamar zai canza. Ta zazzage akwatin, ta ɗaga katifa, ta fara rantsuwa tana kuka. Yaya bai taɓa ɗaga murya a gidanmu ba sai ran nan. Ya ce ya ɗauki amana ya ba mai surutu, ashe bakin ne kawai babu hankali. Ya ce da ya sani da ya bar wa mai shirun da ba ta taɓa ɓatar masa da ko rasit ba. A nan ne zan faɗi abin da ya fi komai muni: daɗi na ji. Maganar da na yi wata da watanni ina jira ke nan. Na ce a raina bari in bar ta ta kwana biyu a haka, ai akwai sauran lokaci. Na taya su nema har ƙarƙashin gadon kakarmu, alhali na san inda yake.

A rana ta uku na zagaya bayan rumbu na zura hannu. Abin da na taɓa ƙasa ce mai danshi. Gara ta gina gida a kan littafin. Da na jawo shi, bangon ne kawai ya fito da sauran kamanninsa, cikin ya zama gari, sai wani guntun shafi mai rabin hatimi. Da a lokacin na kai guntun nan na faɗi gaskiya, ko ba a ceci injin ba, da an wanke ɗiyar gwaggona. Amma tsoro ya kama ni, na tona rami na binne shi. Yaya ya je Gusau suka rubuta masa takardar shaida, kamfanin ya ce ba ya karɓar takardar da aka rubuta bayan inji ya riga ya lalace. Ya yi ta kai da komo har ya gaji. A ƙarshe ya sayi tsohon inji aka ɗora, motar ba ta ƙara komawa daidai ba, ya rabu da ita da asara.

Babu wanda ya kori ɗiyar gwaggona. Yaya dai ya daina yi mata magana in ban da amsa gaisuwa, ita kuma ta daina tsokanar kowa. Da aka yi hutu ta tafi Badarawa ba ta dawo ba, karatun ya tsaya. Yaya ya dawo da kirana kamar da, ina ɗauko masa takardu, amma duk sanda ya yaba mini sai in ji kamar in nutse. Sama da shekara na yi a haka. A azumin da ya wuce na kasa jurewa, na same shi bayan la'asar na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Sannan ya ce mota ƙarfe ce, ya manta da ita, amma maganganun da na sa ya faɗa wa baiwar Allah a gaban mutane, da wane baki zai janye su. Ya ce in shirya, gobe za mu Badarawa.

Mun same ta tana sussukar gero. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce ta yafe, amma da sharaɗin in maimaita abin da na faɗa a gaban mahaifiyarta, domin tun dawowarta Gwaggo ba ta ƙara ba ta ajiyar ko allura ba. Na durƙusa gaban Gwaggo na maimaita. Gwaggo ta kalle ni ta ce ashe shiru-shiru ba tsoron Allah ba ne, ta juya ta riƙe hannun ɗiyarta. Yaya ya mayar da ita makaranta, amma ta ce ba a gidanmu ba. Yanzu tana Shinkafi wurin wata 'yar'uwar mahaifinta, ni ina shirin jarrabawar fita, ita tana baya da aji biyu.

Abin da na koya shi ne hassada ba ta zuwa da babbar niyya. Tawa da kwana biyu kawai ta fara, ta ƙare da injin yayana da shekara biyun karatun 'yar'uwata. Kuma kada in yi muku ƙarya, ba ta mutu ba. Har yanzu in Yaya ya ce zai biya Shinkafi ya kai mata littattafai, ina jin abin yana motsi a ƙirjina, sai dai yanzu na san shi, ina neman tsari in tashi in taya shi ɗaure kayan. 'Yan'uwana mata, musamman irina da ba mu iya magana ba, in abu ya yi muku zafi ku faɗa tun yana ƙarami. Da ran nan na buɗe baki na ce Yaya na ji ciwon abin da ka yi, da dariya zai yi ya lallashe ni, magana ta wuce. Kada ku taɓa amanar da aka ba wani don ku kunyata shi, ko da kuna da niyyar mayarwa, domin ba ku san abin da zai riga ku isa wurin ba. Allah Ya yafe mini, Ya tsare mu da sharrin zukatanmu.