'Yar Tsana Daga Rigar Kaki

Tun bayan tarzomar bara, Mero mai tallar allura da zare ba ta cika duban mutanen Sabon Gari ba. Ta sayar, ta koma Fagge. Amma wata mata a can ta hana ta sakat.

Matar tana zaune a bakin rumfar teloli, doguwa, ta rame har zobe yana yawo a yatsanta, ga ƙaramin gicciye a wuya. 'Ya'yanta mata biyu sun sa ta a tsakiya. A cinyarta akwai rigar kaki irin ta ma'aikatan reluwe, da sauran karin guga, ita take yankawa. Hannun rigar ɗaya ya riga ya zama 'yar tsana mai idanun maɓalli. Tana riƙe da yatsun babbar 'yarta, tana nuna mata inda allura za ta shiga. Ɗinkin ya karkace, ba ta warware ba.

A Fagge, tufafin mamaci sadaka ake bayarwa. Mero tana ta saƙe-saƙe: ba a ga gawar mai rigar ba ne, ko kuwa matar ba za ta iya ganin rigar a jikin wani ba?

Ƙaramar, wadda Hausa ta zauna a bakinta, ta ja zanen uwar.

"Mama, in Baba ya dawo, me zai sa?"

Matar ba ta ɗago ba. Ta lashi bakin zare, ta auna kafar allura, ta kuskure. Ta sake, ta kuskure. Sai ta ɗauki almakashi, ta kama ɗaya hannun rigar.