Fim Ɗin da Muka Ɗauka a Ƙarƙashin Gada

Shekarun farko bayan sojoji sun miƙa mulki, sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a Wudil. Wata Laraba wata mata ta zo daga Kano tana neman mai kyamara. Fim take son haɗawa a kan 'yan shaye-shayen da ke kwana a ƙarƙashin gada, waɗanda 'yan siyasa suka yi kamfe da su, zaɓe na wucewa suka watsar.

Da hantsi muka gangara bakin kogi. Mun tarar da su a kan kwalaye, warin sholisho ya cika wurin. Ina ɗaga kyamara sai na ga ɗan kawuna na Indabo, wanda duk dangi ke cewa yana Legas yana neman kuɗi. Ya rame, leɓensa ya yi baƙi, ƙafarsa ɗaya a kumbure.

"Yaya," ya ce, "don Allah kar ka ɗauki fuskata. Inna za ta gani."

Matar ta yi alkawarin rufe fuskokinsu. Ba ta ƙyamace su ba. Ta zauna a kan yashi, ta buɗe kular shinkafa da wake, suka ci tana saurarensu. Ɗan kawuna ya fi kowa magana. Ya ce ranar da ya fara shan ƙwaya, a bayan motar kamfe aka miƙa masa, wai don kada ya ji tsoro.

A kwana na uku wani sajen 'yan sanda mai furfura ya same mu. Na zaci zai ƙwace kaset ne, sai na ga ya ajiye wa ɗan kawuna ƙullin maganin ciwon ƙafa.

"Hajiya, na gaji da kama su," ya ce. "In na rufe su, kwana biyu sai amai da karkarwa. Gida an kore su, asibiti ba a karɓa. Ina zan kai su?"

Na roƙi ɗan kawuna ya bi ni gida. Ya bi ni, matata ta dafa masa ruwan wanka, ya yi kwana biyu ya gudu ya koma ƙarƙashin gada.

An nuna fim ɗin a wani taro a Kano, aka ce har da masu hawaye. Bayan mako biyu umarni ya zo daga sama a share ƙarƙashin gada. An rufe fuskoki, amma kowa ya gane wurin. Aka kwashe su a mota, aka cinna wa kwalayensu wuta. Sajen yana cikin masu kamen. Da muka haɗu a kasuwa ranar Juma'a, ya kasa kallon idona.

"Na saki ɗan kawunka da kaina," ya ce. "Ban san inda ya nufa ba."

Na neme shi har Utai da Lajawa. Da damina ta yi nisa, masu ɗibar yashi suka tsinci gawarsa a cikin ciyawar bakin ruwa. Ni na yi masa wanka. Mu bakwai muka sallace shi, kawuna bai zo ba.